Fuska Ɗaya Baba Yake Shafa wa Dutse

Babana bai iya zama ba. Ba zaginsa nake yi ba, duk unguwarmu an sani, shi ma ya sani. Rabin abincinsa a tsaye yake ci. In Inna ta yi mita ya ɗosana a bakin kujera, ƙafa ɗaya tana rawa, ido yana ƙofa, kamar wanda ya bar mota a kunne a waje. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, kafin a kawo masa ruwa ya riga ya sa takalmi.

Gyaran keke ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma hannunsa na da kyau, wannan kam ba mai musu. Matsalar tana wajen gwaji. Ka kawo masa keke ya ɗaure maka birki, ya gama tsaf, sai ya ce, "Bari in gwada." Shi ke nan, ka nemi inuwa. Mai keke zai zauna a kan benci tun hantsi har rana ta karkata, yana tsaki yana duba hanya, can sai ga Baba ya ɓullo ta wata kusurwa dabam, ƙafar wando duk ƙaya, yana cewa birkin ya kama sosai. Wasu sun yi fushi sun daina zuwa. Wasu kuma sun saba, in za su kawo gyara sai su taho da abin karantawa.

Inda yake zuwa ba ɓoyayye ba ne. Shagonmu da gidanmu gini ɗaya ne, a ƙarshen gari, a kan tudu. Ƙofar gaba tana kallon titi, ta baya kuma da ka buɗe ta sai gangare, ƙasa can kogi ne kwance a cikin kwari yana lanƙwasa tsakanin duwatsu. Akwai kufan wani tsohon gari a hanya, ganuwarsa ta zube saura gindi, da wani falalen dutse mai ramuka inda matan zamanin da suke niƙa, sannan tsohuwar gadar dutse can ƙasa kusa da babban titi. Mutanen gari ba su ɗauki wurin a bakin komai ba, wajen kiwo ne da yin itace. Baba ne kawai yake shigarsa ba don akuya ba, ba don itace ba.

Wani malamin tarihi ne ya fara ɗauko ɗalibansa ya ce Baba ya kai su kufai. Daga nan magana ta bazu. Sai ga baƙi da jakunkuna a baya da manyan takalma, wasu su taka da ƙafa, wasu su hau keke. Baba ya tattara tsofaffin kekunan da masu su suka watsar, ya gyara, muka koma ba da haya. Duk baƙon da ya gaji ya tambaye shi ko an kusa, amsarsa ɗaya ce, "Sai gaba." Ina ruwan sha? Sai gaba. Ina za mu huta? Sai gaba. Har sunan ya bi shi, yau ko ƙaramin yaro ka tambaya shagon Sai-Gaba zai nuna maka da baki.

Da baƙi suka yi yawa ya ga ba zai iya raka kowa ba, sai ya sayi gwangwanin fenti rawaya da burushi, ya ɗaure su a kariyar kekensa. Yana gangarawa yana shafa wa duwatsu alama, ɗigo ɗaya kamar tafin hannu, yadda in ka tsaya a kan wannan za ka hango na gaba. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ya sake bi, don kogin nan ba shi da alƙawari, bana ya ci nan, baɗi ya ci can. Amma fuska ɗaya yake shafa wa dutse, fuskar da ke kallon mai gangarowa. Bai taɓa dawowa ta cikin kwarin ba, ko sau ɗaya. In ya haye gada ya fita babban titi, akwai direbobin tifa masu ɗibar yashi, abokansa ne, sai a loda shi da kekensa da baƙinsa a kawo su gari ta zagaye. Na taɓa tambayarsa ina ƙarama me ya sa ba ma komawa ta inda muka zo. Ya dube ni kamar na faɗi saɓo, ya ce, "Abin da na riga na gani, me zan koma in yi masa?"

Inna kuwa ita ce shagon. Ita ke karɓar baƙi, ita ke sanin keken da ya fita da wanda bai dawo ba, ita ke ba masu gyara haƙuri. Kuma ba ta taɓa yin shiru a kai ba. "Na auri iska," haka take cewa. "Sauran mata mazansu na dawowa da cefane, ni nawa da ƙaya yake dawowa." Kullum da safe da ya tura kekensa ya fita, sai ta yafa wani tsohon mayafinta rawaya da take aikin gida da shi, ta ɗauki bokiti ta fita ƙofar baya wai shanya. Ko wankin bai kai ya kawo ba sai ta fita. Ni dai na tashi na ga haka, ban taɓa sa abin a raina ba.

Mu biyu ta haifa, Yaya da ni. Yaya ya yi karatu ya tafi babban birni, yana zaune a wani dogon bene mai ƙofar ƙarfe. Ni kuma da aurena ya mutu na dawo gida na kama shagon, har faci na iya, kuma duk wanda ya ce mace ba ta ɗaure birki ya kawo nasa ya gani.

Ni na fara lura da idon Baba. Yana zuba shayi a gefen kofi. Yana laluben sifana a kan tebur ga ta a gabansa. Sannan alamun nan nasa suka fara girma, daga tafin hannu suka koma faranti, suka kuma matso kusa da juna har wani baƙo ya tambaye ni ko fenti ne ya yi mana yawa. Da Yaya ya ji, ya zo ya tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, sai dai a rage mata gudu da magani. Launi mai haske yana gani, sauran abubuwa kuwa sun zama hazo-hazo.

Yaya ya gyara masa ɗaki a benen nan, har da kujera mai laushi a gaban taga. Baba ya ce ko gawarsa ba za ta hau wannan matattakalar ba. Aka yi ta ja, har Yaya ya buga hannu a kan tebur ya ce, "To na ji. Amma wallahi ranar da ka faɗi ko ka ɓata a kwarin nan, ranar zan sa ka a mota. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce an tsince ka a ruwa ba." Inna kuwa muka ɗauka tana bayan Yaya, tunda ita ce ta shekara da shekaru tana kukan yawon. Ni dai na san mutumin nan. In aka zaunar da shi a gaban taga, ba zai ga wata daminar ba.

Abin ya tashi faruwa kuma sai ya zaɓi ranar da Yaya yake gida. Ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, Baba ya ce zai bi hanya ya sabunta fenti kafin baƙi su fara zuwa. Na ce in raka shi, ya ce shi ba jariri ba ne. Yaya yana barci Baba ya sulale.

Rana ta take, shiru. Na fita bakin titi na dawo, na sake fita. Na ɗauki taya zan yi faci na manna a inda ba huji. Yaya yana zaune a falo yana danna waya, lokaci-lokaci ya ɗago ya ce, "Har yanzu?" Ni kuma in ce ai haka yake yi. Can sai wayar shago ta yi ƙara, direban tifa ne. Ya ce, "Auta, tsohon bai fito ba fa. Kuma ruwan bana ya cinye ƙasar da ke bakin gada ta ɓangarenku, ba mai iya hayewa. Na ɗauka kun sani."

Ban gaya wa Yaya ba. Na ce zan kai wa wani keke, na zagaya ta baya na gangara. Inna tana tsakar gida, ta bi ni da ido kawai.

Gangarawa ba wuya, ko makaho ya bi alamun nan. Na wuce kufai, na wuce falalen dutse, ina taka feda ina kiran Baba, muryata tana dawo mini. Fentin ɗanye ne, wani wurin har yana naso. Na isa gada na tarar da abin da direba ya faɗa, gadar tana tsaye amma tsakaninta da hanya rami ne mai zurfi, ruwa yana wucewa ja wur. Na leƙa ramin. Ba keke, ba hula. Sai sawun taya a laka inda ya juya.

Na juya ni ma, sai na tsaya cak. Babu alama ko ɗaya. Duwatsun da na wuce yanzun nan suna rawaya, ta wannan fuskar duk toka-toka ne, kowanne kamar ɗan'uwansa. Kuma ga wani abin da ban taɓa lura ba duk zamana a wurin. In kana gangarowa, ƙananan hanyoyi da kwazazzabai shigowa suke yi cikin babbar hanya, ba ruwanka da su. In kana hawa kuwa rabuwa suke yi, kowace ta buɗe baki tana cewa ni ce. Ni mai ido biyu sai da na riƙa wuce dutse ina waiwayowa in ga ko da fenti a bayansa. To ina ga Baba?

Na yi ta hawa ina tura keke, in shiga nan in fito, in kira in saurara. Zufa ta jiƙa ni sharkaf. Ina tafe ina faɗa ni kaɗai, ina zagin fenti, ina zagin gada, ina zagin taurin kan mutumin da ya haife ni. Sai na ji ƙararrawar keke, ƙiriring, can cikin wani kwazazzabo ta hagu. Ta yi shiru, ta sake.

A zaune na same shi. Wallahi sai da na ji kamar an soke ni, don ban taɓa ganinsa zaune haka ba, zaman dirshan a ƙasa, baya jingine da dutse, hannu ɗaya a kan ƙararrawa. Kwazazzabon ya ƙare a jikin wani gangaren dutse, ba gaba. Gwiwar wandonsa ta yage, fenti ya zube masa a takalmi.

"Wane ne?" ya ce.

"Ni ce, Baba."

Ya gyara hula. "Ƙararrawar nan nake gwadawa. Kamar tana so ta sake."

"Ƙararrawa ko? Tun safe?"

Na zauna kusa da shi na miƙa masa ruwa. Da ya sha ya ce, a hankali, "Uwata, na shiga uku a wurin nan, duk inda na bi sai dutse ya tare ni. Kwarin da na sani kamar aljihuna." Ya miƙo mini gorar. "Yayanki ya sani?"

"Bai sani ba tukuna. Amma zai ga wandon nan."

"Ki ce masa kare ne."

"Kare ne ya zuba maka fenti a takalmi? Haba Baba! Shekara nawa kana shafa wa dutse fuska ɗaya? Ba ka taɓa tunanin wata rana wani zai so ya koma gida ba?"

"Ba wanda ya taɓa cewa zai koma."

"To yau ga shi ka ce."

Na so in ci gaba, don bakina cike yake, amma na ga yadda ya sunkuyar da kai sai na haɗiye. Na ɗaga shi. Ya ƙi in riƙe masa hannu, sai dai ya kama kariyar kekena, ɗaya hannun yana jan nasa, muka fito muna hawa kamar jerin awaki.

Tafiyar ta yi tsawo. Yana tafe yana tambaya, nan ina ne, wancan duhun mene ne. Na ce ganuwar kufai ce. Ya ce ƙarya ne, ganuwa ba ta da wannan tsayin. Na ce ta baya haka take, ƙasa ta zaizaye a gindinta. Ya tsaya ya shafa ta da tafin hannu, har ya fara mantawa da halin da yake ciki, ya ce lallai sai an kawo baƙi ta nan. Sai kuma ya tuna halin da yake ciki, ya sake kama kariyata. Ni ma na tuna da kujerar nan mai laushi.

La'asar ta yi sanyi muka zo lanƙwasar ƙarshe, inda hanya take rabuwa biyu a gindin tudu. Ina shirin ce masa dama, sai na ji ya saki kariyata. Ya ɗaga kai yana ƙanƙance ido.

"Ga alama can," ya ce. "Can sama. Wa ya shafa ta? Ni ban taɓa shafa fenti a wurin nan ba."

Na duba. Daga nan ana hango bayan gidanmu ƙarami a kan tudu, da igiyar shanya ba komai a kanta, da ɗigon rawaya a bakin ƙofa, ba ya motsi.

"Ba fenti ba ne, Baba. Inna ce."

"Me take yi a can?"

"Kai take dubawa mana."

Ya kama kan kekensa da hannu biyu ya wuce ni, ya ɗauki hanyar dama ba tare da na faɗa masa ba, yana hawa kansa a ɗage, ni ina binsa a baya ina haki.

Mun iso mun tarar da Yaya ya fito shi ma, makullin mota a hannu. Ya dubi wandon, ya dubi takalmin, ya dube ni. "Keken da kika kai wa wani ke nan?" Sannan ya juya ga Baba, shi ma tsoro ne ya cika shi ba mugunta ba. "Baba, mun yi magana. Inna, a haɗa masa kayansa."

Baba ko kallonsa bai yi ba. Yana tsaye gaban Inna yana kallon mayafin. Ya ce, "Tun yaushe kike tsayawa a nan?"

"Yau, ko dai tun da?"

"Tun da."

"Tun ranar da ka fara gangarawa," in ji Inna. "Daga nan ana ganinka har ka sha kwanar kufai. Kullum sai na ce yau dai zai waiwayo. Mutum sai ka ce an ɗaure masa wuya."

Sai ta juya ga Yaya. "Kai kuma mayar da makullin nan aljihu. Ba inda za shi."

"Inna, ke fa kike kuka da yawon nan!"

"Ni na yi kukana, ni na san abin da nake wa kuka. Ka kai shi can sama ka rufe, ni in tsaya a nan in kalli me? Keke dai ya hau na ƙarshe, wannan na yarda, a rataye shi. Zai tafi da ƙafa, Auta na biye da shi. Kuma ba sauran tifa. Ta inda ya fita, ta nan zai dawo mini."

Yaya ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce duk mun haɗa masa kai. Washegari ya tafi shi kaɗai, ko sallamar kirki bai yi mini ba, sai da ya yi kwanaki kafin ya kira ya tambayi ko maganin idon ya ƙare.

Keken yana nan rataye a bangon shago, Baba yana wucewa ya buga ƙararrawar. Mun bi kwarin ni da shi daga gada zuwa sama, ni ina riƙe da gwangwani, shi yana shafa wa kowane dutse bayansa, yana mita wai aikin ya ninku. Har yau bai iya zama ba, kuma idon sai ƙara ja baya yake yi, bana alamun sun kusa kai murfin tukunya.

Ranar da muka gama, muka hauro har ƙofar baya, ya tsoma burushi zai shafa ta ƙarshe a jikin bangonmu. Inna ta riƙe masa hannu.

"Kada ka ɓata mini bango," ta ce. "Nan ai ina nan."

Ya tsaya da burushin yana ɗiga a ƙasa. Sannan ya miƙo mini shi ya ce in wanke kafin ya bushe.